A1 bakwai gare ni, shin Harvard za ta ɗauke ni?

Assalamu alaikum Baba Malam. Ni yarinya ce 'yar shekara 18, a Aboabo nake, nan Kumasi. Na gama sakandare a ɓangaren kimiyya, sakamakon WASSCE ya fito, na samu A1 bakwai da B2 ɗaya. Burina in karanta injiniyancin lantarki a jami'ar Harvard ko MIT da ke Amurka. Babana tela ne, Mmata kuwa koko da ƙosai take sayarwa da safe. Akwai wani mutum mai ofis a cikin gari da ya ce da irin wannan sakamako shigata tabbas ce, in dai an ba shi sidi dubu 30 shi zai yi komai, har biza. Yanzu Baba na shirin sayar da filin da ya saya tun kafin a haife ni. Ni kuma na ƙi sayen fom ɗin KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta nan Kumasi, don ina ganin in na saya kamar na karaya ne. Don Allah ka gaya mini gaskiya, za su ɗauke ni?

'Yarka daga Aboabo.

Wa alaikis salam, 'yata. Allah ya yi miki albarka, ya sa wa wannan sakamako albarka. Na san yadda ake karatun dare a Aboabo, ɗaki ɗaya da ƙanne, rediyon maƙwabta na tashi, wuta ta zo ta tafi. Yarinyar da ta fito da A1 bakwai daga nan ta yi abin a yaba mata, kuma ina yaba miki har zuciyata.

Amma kafin mu kai ga Harvard, ki je wurin Babanki yau ɗin nan ki roƙe shi ya dakatar da maganar filin. Babu wani mutum a Kumasi, ko a Akara, ko a cikin Amurkar kanta, da yake da ikon yi miki alkawarin gurbi a waɗannan jami'o'i. Kwamiti ne yake zama ya karanta takardun masu nema ya yanke hukunci, kuma ba shi da wakilin da yake karɓar kuɗi a madadinsa. Duk wanda ya ce miki "tabbas", ko bai san aikin ba ne, ko kuwa ya sani sarai amma kuɗin yake so. Biza ma haka take: jami'in ofishin jakadanci ne zai zaunar da ke ya yi miki tambayoyi, ke kaɗai.

Ba da ka nake wannan magana ba. Lokacin da nake koyarwa, ina da wani ɗalibi haziƙi, mahaifinsa direban tasi ne. Ya sayar da motar ya kai wa irin wannan mutum kuɗin. Mutumin ya rubuta wa yaron maƙalarsa, ya haɗa masa takardar banki mai nuna dukiyar da gidansu bai taɓa gani ba. Wata ƙaramar jami'a ta ba shi gurbi ba tare da tallafin ko dala ɗaya ba. Ranar hira a ofishin jakadanci aka tambaye shi sana'ar mai ɗaukar nauyinsa, bakinsa ya kasa haɗuwa da abin da ke cikin takarda. Aka hana shi. Na je yi musu jaje da yamma, na tarar da uban zaune a benci a ƙofar gida, makullin motar da ya sayar, wanda ya rage masa na ajiya, yana hannunsa yana jujjuya shi. Har na tashi bai ce komai ba ban da "Malam, na gode". Gemun ɗan'uwanku ne ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa.

To, ga amsar tambayarki. A shekarar 2024 mutum 54,008 ne suka nemi shiga Harvard, aka ɗauki 1,937. Wato a cikin kowane mutum 100 ba a ɗauki 4 cikakku ba. A MIT, rabon 'yan ƙasashen waje ya fi haka ƙanƙanta, wajen mutum 2 ne cikin 100. Kuma ki lura da waɗanda ake mayarwa gida: da yawansu su ne na ɗaya a makarantunsu. Akwai mai A1 takwas daga manyan sakandare irin su Presec ko Prempeh ko Wesley Girls, akwai wanda ya wakilci makarantarsa a gasar kimiyya da lissafi ta ƙasa da muke kallo a talabijin, akwai ɗan Indiya ko Sin da ya ciwo lambar gasar lissafi ta duniya. Sakamakonki ya isa a buɗe takardunki a karanta da mutunci. Iyakar abin da zai yi miki ke nan, domin kowa a layin da irinsa ya zo. Saboda haka in kika ce in faɗa miki gaskiya, sai in ce: ki nema, kin cancanci ki nema, amma abin da ya fi yiwuwa shi ne su biyun su ce a'a, kamar yadda suke ce wa mutum 96 ko fiye cikin 100. In hakan ta faru kada ki ɗauka an auna ƙwaƙwalwarki ne aka ga ta gaza. Kujerun ne ba su da yawa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne sunaye biyu kacal kika ambata. Na fahimci dalili, su ne sunayen da ake ji a Zango. Amma ga yarinyar da gidansu ba zai iya biya ba, abin da ya kamata ta fara tambaya game da kowace jami'a shi ne: yaya take yi da baƙon da ba shi da kuɗi? A nan jami'o'in Amurka suka rabu, kuma wannan rabuwar ce masu ofis ba sa bayyana wa iyaye.

Karatun shekara ɗaya a Harvard, da masauki da abinci, ya haura dala dubu 80. Ko an sayar da fili goma ba za a biya wannan ba. Sai dai Harvard na cikin wasu 'yan jami'o'i da suke yanke hukunci ba tare da sun leƙa aljihun mai nema ba, ko daga wace ƙasa yake, kuma in sun ɗauke shi sai su cike masa duk abin da iyayensa ba za su iya ba. MIT ma haka, da Yale, da Princeton, da Amherst, da Dartmouth, da Bowdoin, da wasu ƙalilan da suka biyo baya, duka-duka wajen goma ne. A 2025 Harvard ta sanar cewa duk wanda kuɗin shigar gidansu bai wuce dala dubu 100 a shekara ba, kyauta zai yi karatu, har masauki da abinci. Ki ga abin mamaki: da za su ɗauke ki, Babanki ba ya buƙatar sayar da ko taku ɗaya na filinsa. Amma da yake duk talakan duniya mai ƙoƙari ya san haka, cunkoson da ke ƙofarsu ya fi na ko'ina.

Bayan su akwai jami'o'i masu yawa, irin su Stanford da Columbia, da suke ba baƙi tallafi mai kauri amma suna duba buƙatar mutum kafin su ɗauke shi. Kuɗin da suka ware wa 'yan ƙasashen waje yana da iyaka, don haka wadda take buƙatar a ɗauke mata komai tana takara ne a kan 'yan kujeru kaɗan. Na san abin da zai zo miki a rai, ko wani ya raɗa miki: to a ɓoye talaucin mana, in an shiga a nemi tallafi. Kul. A yawancinsu, baƙon da bai nemi tallafi tun farko ba, ba shi da damar nema daga baya. Sannan kafin su aiko miki da takardar I-20 da za ki nemi biza da ita, sai an nuna inda kuɗin zai fito. Ki rubuta abin da ɗinkin Baba da kokon Mma suke kawowa, daidai yadda yake. Manyan jami'o'in jihohi kuwa, galibinsu ba sa ba baƙo tallafi saboda talaucinsa, sai dai ɗan ragi saboda ƙwazo, wanda ba ya kusa da isa. Gurbin da ba a haɗa shi da kuɗi ba, a wurinki takarda ce kawai, kuma irinsa ne masu ofis suka fi samo wa mutane su ce sun cika alkawari.

Akwai wata ƙofa da mutanenmu suke wucewa ba su kula ba, saboda kalmar "kwaleji". A Amurka akwai ƙananan kwalejoji masu ɗalibai dubu biyu ko uku, digiri suke bayarwa cikakke, kuma wasunsu suna da dukiya mai yawa da suke kashewa a kan baƙi. Kofi Annan, wanda aka haifa a garin nan namu a 1938, a kwalejin kimiyya da fasaha ta Kumasi ya fara, wadda ta zama KNUST ɗin da kike gudu, daga nan ya tafi Macalester a jihar Minnesota ya gama a 1961. Sai daga baya, yana babban ma'aikaci, ya je MIT ya yi digiri na biyu a 1972. Patrick Awuah, wanda ya kafa jami'ar Ashesi a nan Gana a 2002, a Swarthmore ya yi karatu da tallafi. Akwai Berea a jihar Kentucky, wadda ba ta karɓar kuɗin koyarwa daga kowane ɗalibi, kowa yana yi mata aiki na aƙalla awa 10 a mako, ko da yake baƙin da take ɗauka a shekara kaɗan ne. Akwai kuma kwalejojin mata zalla, Mount Holyoke da Smith da Wellesley da Bryn Mawr, kuma ina ganin hankalin Mmarki zai fi kwanciya da su. Abu ɗaya za ki bincika: ba kowace ƙaramar kwaleji ce take koyar da injiniyanci ba. Smith da Swarthmore suna yi, da yawa kuwa sai dai kimiyyar lissafi da fiziks da kwamfuta.

Ingila ba zan ɓata miki lokaci a kanta ba. A matakin digirin farko baƙo yakan biya kuɗi mai nauyi, tallafi kaɗan ne ƙwarai, kuma manyan jami'o'inta da dama suna neman ƙarin karatu a kan WASSCE. Tallafin Chevening da kike jin labari na digiri na biyu ne. Gara ki dubi tallafin gwamnatin Turkiyya, wanda ake buɗewa a farkon shekara kuma yakan ɗauki karatu da masauki da tikitin jirgi, da jami'ar NYU ta Abu Dhabi, da shirin gidauniyar Mastercard da ke ɗaukar nauyin 'yan Afirka masu ƙwazo a jami'o'i da dama, ciki har da Ashesi da KNUST.

Yanzu maganar aikin da ke gabanki, wanda ba ya buƙatar ɗan tsakiya. Yawancin jami'o'in Amurka ta Common App ake nemansu, fom ɗaya a intanet da zai iya zuwa makarantu har 20. MIT nata fom ɗin daban ne. Kuɗin nema yakan kai dala 70 zuwa 90 a kowace makaranta, amma ana yafe wa wanda ba shi da hali in ya roƙa, kuma roƙon ba ya rage wa mutum daraja a wurinsu. Takardar bayanin kuɗin gida, wadda da yawa suke karɓa ta CSS Profile, ki zauna da Baba ku cike ta tare. Akwai zagayen farko da ake rufewa 1 ga Nuwamba, da babban zagaye da ake rufewa a farkon Janairu, amsa kuma ta fito daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshensa. A zagayen farkon nan wasu makarantu suna sa mutum ya yi alkawarin cewa in sun ɗauke shi ba zai je ko'ina ba, don haka ki karanta sharaɗin sosai kafin ki sa hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya: in kin ga lokacin bana ya ƙure, gara ki shirya wa baɗi da kyau da ki tura abin da bai nuna ba.

Jarrabawar SAT, wadda ake yi don neman shiga jami'o'in Amurka, ta dawo da ƙarfinta. MIT ta mayar da ita dole a 2022, Harvard ta bi sahu a 2024. Makinta 1600 ne, rabi lissafi rabi Turanci, a kwamfuta ake yin ta, kuma kuɗinta ya haura dala 100. Akasarin waɗanda MIT take ɗauka suna samun 780 zuwa 800 a lissafi, cikin 800. Ga yarinya irinki wannan jarrabawa alheri ce, domin mai karanta takardunki wataƙila bai taɓa jin sunan makarantarku ba, amma ya san ma'anar 790. Darussan shirinta kyauta ne a Khan Academy. Lissafin ba zai ba ki tsoro ba, ɓangaren Turancin ne yake kayar da yaranmu, saboda saurin karatu da yake buƙata. Ki riƙa karanta dogon rubutu kullum, kina duba agogo.

Sai wasiƙun malamai. A nan nake ganin ana yi wa yaranmu asara ba da gangan ba. Malaminmu na nan ya saba rubuta layi uku: yarinya ce mai ladabi, mai ƙoƙari, ina ba da shawarar a ɗauke ta. Irin wannan wasiƙa ba ta cewa komai. Ki je wurin malamin fiziks ko na lissafi da ya san ki da gaske, ki gaishe shi, ki tuna masa abubuwan da kika yi a ajinsa, ki roƙe shi ya rubuta su dalla-dalla: ranar da kika warware abin da ya gagari aji, yadda kike zama da 'yan baya kina koya musu, matsayinki a cikin ɗalibai nawa. Ki ba shi lokaci, wata guda ko fiye, domin shi ma yana da ɗaruruwan yara a kansa. Makaranta kuma za ta aika da sakamakonki na shekara ukun duka.

Maƙalar da za ki rubuta a kan kanki ba ta wuce kalma 650, kuma ita ce wurin da za su ji muryarki. Yaranmu sukan faɗa cikin ɗayan rami biyu. Wasu su yi ta kukan talauci har mai karatu ya rasa mutumin da ke cikin labarin. Wasu kuma su ji kunyar gidansu, su ari rayuwar da ba tasu ba, su ce sun kafa ƙungiyar ceto Afirka suna da shekara 16. Masu karatun nan dubban maƙalu suke gani, suna gane aro da wuri. Ke kuwa kina da abin da babu mai shi. Ina kyautata zaton ke ce kike tashi kafin asuba ki tace gasara, ke kike riƙe lissafin bashin masu shan koko, kin san ranar da farashin gero ya tashi da yadda Mma ta yi ta ƙi rage ludayi. Kin ce lantarki kike so ki karanta. Me ya sa? In don kin ga keken ɗinkin Baba ya tsaya cak ana saura kwana uku Sallah, kayan mutane jibge, ya koma na ƙafa har gari ya waye, to rubuta wannan daren. In kin taɓa kwance fitila mai caji kika gyara, faɗi yadda kika gano abin da ya lalace. Shekarun da kika yi a makarantar allo da islamiyya, da izun da kika haddace, da Hausa da Tuwi da Turanci da Larabcin da kike juyawa a rana ɗaya, duk abin faɗa ne, kada ki raina su. Ki rubuta da hannunki. Malami ya duba miki kuskure, amma kada wani mutum ko wata manhaja su rubuta miki, domin in aka gano, ana janye gurbi ko bayan an bayar.

Masu ba da shawara na gaskiya suna nan, kuma aikinsu ke nan. EducationUSA, wadda take ƙarƙashin ma'aikatar harkokin wajen Amurka, tana da cibiya a Akara da kuma nan Kumasi. Ki je da sakamakonki ki zauna da su, ki tambaye su ko akwai taimakon kuɗin jarrabawa da na nema ga ɗalibai masu ƙwazo marasa hali. Za ki lura su ba za su taɓa ce miki "tabbas" ba.

Na bar maganar KNUST zuwa yanzu ne don ita ce ta fi taɓa ni. 'Yata, wa ya gaya miki sayen fom ɗin nan karaya ne? Jami'ar da yara suke tasowa daga Najeriya da sauran maƙwabta suna neman shiga, ga ta a bayan gidanku, trotro ɗaya ko biyu. Da darussa shida mafi kyau ake lissafa maki, kuma da A1 bakwai kina sahun gaba a masu neman injiniyanci. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Na ga yara masu irin sakamakonki sun zauna shekara biyu, uku a gida suna jiran wasiƙar waje, abokansu na aji uku a jami'a, su kuwa karatun ya fara dushewa, ga surutun unguwa, ga masu zuwa neman aure suna matsa wa iyaye. Ba na so in ga haka a kanki. Ki sayi fom ɗin KNUST, ki nemi Ashesi tare da tallafinta, ki nemi na Mastercard. In kin shiga nan kika fito da sakamako mai kyau, hanyar waje tana nan: a Amurka, masu digirin digirgir a kimiyya da injiniyanci galibi jami'a ce take ɗauke musu kuɗin karatu har ta riƙa ba su alawus, kuma 'yan Gana da yawa ta wannan hanya suka bi. Abu ɗaya za ki kiyaye: wasu jami'o'in Amurka, in mutum ya riga ya yi nisa a wata jami'a, ba sa karɓarsa a matsayin sabon ɗalibi, sai a matsayin mai sauya makaranta, inda kujeru da tallafi suka fi ƙaranci. Ki tambayi masu ba da shawarar nan yadda za ki jera lokutan, don ɗaya kada ya toshe ɗaya.

Da ni ne ke, zan sa Harvard da MIT a takardata, in yi musu aiki iya ƙarfina, in yi addu'a. Sannan in ƙara ƙananan kwalejoji takwas ko goma masu ba baƙi cikakken tallafi, in ƙara Turkiyya, in riƙe na gida da hannu biyu. Abin da za ki kashe a duk wannan, kuɗin SAT ne da na data da na fom ɗin gida, sai kuɗin biza in Allah ya sa an kai nan. Bai kai kusa da sidi dubu 30 ba.

Ki yi wa Babanki magana a hankali. Mutumin da ya yarda ya rabu da filin da ya riƙe fiye da shekara 18 saboda karatun 'yarsa mace, a Zangon da har yanzu wasu suke cewa karatun mace ɓata kuɗi ne, ya cancanci a girmama niyyarsa. Kada ki sa ya ji kamar an yi masa wayo. Ki karanta masa wannan amsa bayan sallar isha'i, in ya so ku je cibiyar EducationUSA tare ya ji da kunnensa. In mai ofis ya riga ya karɓi wani abu, ko yana riƙe da fasfonki ko ainihin takardunki, ku je da wani babba a unguwa ku karɓo su tun yanzu.

Ki yi gwajin SAT guda ɗaya cikakke a makon nan, da agogo a gabanki, ki rubuto mini abin da kika samu da sunayen makarantun da kika zaɓa, mu duba su tare. Ki gaishe mini da Mma da Baba.